Jinkar da Dole Ta Yi Yoyo

Bana ma zafi ya gasa mu a Landan har ciyawar filin bayan gidanmu a Abbey Wood ta bushe ƙarau, sai ga shi tun farkon Oktoba ruwa ya ɓalle ya ƙi ɗaukewa. Ranar Lahadin da ta wuce muka yi godiyar kaka a coci. Godiyar kaka fa! Aka jera gwangwanayen wake da fakitin taliya da kwalaben man girki a gaban bagade, ko zangarniyar dawa ɗaya babu. Ina zaune ina jin ruwa yana dukan rufin cocin, ɗigo ɗaya bai shigo ba, sai na ji hancina ya cika da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Hannatu matata ta zungure ni da gwiwar hannu, ta ce, "Malam, ka tafi Stratford ke nan." Ta san halina. Kusan shekara hamsin ke nan, duk kaka sai hankalina ya tafi can.

Na fara zuwa ƙasar nan ne a tsakiyar shekarun saba'in, lokacin da kuɗin mai ya yi wa gwamnati yawa har tana neman waɗanda za ta tura karatu. Jiharmu ta turo ni in koyi aikin ruwa, wato madatsa da famfo da bututu. 'Yan'uwana ɗalibai suna ta wando mai faɗin ƙafa da rediyo mai kaset, suna cika akwatuna ana aika musu gida ta jirgin ruwa. Ni kuwa ɗan ƙauye ne daga ƙasar Zariya, takalmina ɗaya, kwat ɗina ɗaya. Mahaifina manomi ne, mai bishara ne, shi ne kuma gwanin baibayar jinka a yankinmu duka. In ya baibaye maka ɗaki, sai ka aurar da 'yarka ruwa bai taɓa gadonka ba. A hannunsa na koya, da ranƙwashi da komai.

Ranar da zan taso ya raka ni tasha, ya riƙe hannuna ya ce, "Yakubu, duk gidan da ka ci abinci a cikinsa, kada ka bar shi ba ka gaya wa mai gidan sunan Ubangijinka ba." Na ce to. A lokacin abin ya yi mini kamar mai sauƙi.

Neman ɗaki a Landan ta wancan zamani, kai, Allah ya kiyaye. A waya a ce maka akwai, kana ƙwanƙwasa ƙofa aka ga fuskarka sai a ce yanzun nan wani ya kama. Na yi mako uku ina kwana a ƙasan ɗakin wani abokina kafin in faɗa gidan Baba Mendel, a wani layi can bayan tashar Stratford. Tsohon tela ne, Bayahude, gajere, da 'yar ƙaramar hula a tsakar kansa. Matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya yana aiki can arewacin Ingila. Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi littafin addinina da na ɗaure a kan akwati, sannan ya ce:

"Ɗaki akwai. Sharaɗina biyu. Naman alade ba ya shiga kicin ɗina. Wa'azi kuma ba ya shiga gidana. Waɗanda suka ƙone unguwarmu ina yaro, can ƙasar da aka haife ni, da gicciye a wuyansu suka zo."

Na yi masa alkawari nan take, don ƙafafuna sun gaji kuma sanyi ya kusa. Sai da na kwanta a gadon na gane abin da na yi. Na ɗauki alkawari biyu a wurin dattawa biyu, kuma ba yadda zan cika ɗaya ban karya ɗaya ba. In na yi magana, na rasa ɗakin da mutumin da ya buɗe mini ƙofa lokacin da kowa ya rufe. In na yi shiru, da wane ido zan dubi mahaifina? Shi kuwa duk wasiƙar da ya aiko, bayan labarin gona da na awaki da na waɗanda suka haihu, layin ƙarshe ba ya canjawa: "Ka gaya masa?" Ni kuma in ba shi labarin dusar ƙanƙara.

A shekarata ta biyu aka yi farin nan da tsofaffin Turawa ba su daina labarinsa ba har yau. Tun watan Yuni sama ta bushe. Kwalta ta riƙa narkewa tana kama takalmi. In ka shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da rana, sai ka fito rigarka kamar an tsamo ta daga randa. Gidajen nan an gina su ne don riƙe ɗumi, to sun riƙe kuwa, ɗakina na sama ya zama tanda. Council, hukumar unguwa, ta hana ban-ruwa da tiyo, aka liƙa takardu ana cewa kowa ya rage wanka. Kabeji ya yi wuya a kasuwa, dankali ya dawo kamar ƙwan zabo. Turawa suka yi jajir, suna ta fifita da jarida suna cewa duniya ta zo ƙarshe.

Ni dai dariya nake yi a cikina. Shekara uku kafin nan na ga fari na gaske a gida. Na ga shanu suna faɗuwa a hanyar rafi, na ga mata suna tona gidan tururuwa suna neman tsabar hatsi, na kwana da kunun dusa a cikina. Wannan da famfo ke zuba ko da siriri ne, ai hutu ne.

Abin da bai ba ni dariya ba shi ne lambun Baba Mendel. Ɗan fili ne a bayan gida, da tumatir da kokwamba da kabeji da itacen tuffa guda, duk a wuraren da marigayiya matarsa take shuka su. Wata safiya na leƙa ta taga na gan shi yana jan bokitin ruwan wanke-wanke da hannuwan nan nasa da amosani ya kumbura, rabin ruwan yana zubewa a hanya. Na sauko da gudu na karɓe. Na ce, "Baba, ka zauna. Wannan aikinmu ne."

Daga ranar muka yi tsari. Ruwan wanka ba ya tafiya magudana, na wanke-wanke ma haka, har na dafa ƙwai sai mu bari ya huce mu tara. Na yi wa kowane tushe gurbi kamar yadda muke yi a fadama, don ruwa ya tsaya inda aka zuba shi. Da yamma in na taso daga makaranta sai in bi bakin layin dogo da wuƙa in yanko busasshiyar ciyawa, dogaye masu kyau har ƙugu, in ɗauro a ka. Yaran layi suna bina da kallo, ko a jikina. In rufe gindin shukar da ita, sauran in tara a ɗakin ajiya. Ban-ruwa kuma da sassafe, kafin rana ta fito. Ranar Asabar shi ba ya taɓa aiki, bai kuma taɓa cewa in yi ba. Yakan dai zauna ya juya wa taga baya yana karatunsa, ni kuma in yi abin da na ga dama da bokitina.

Kafin ƙarshen Agusta lambunan layin nan duk sun ƙone, namu kaɗai ke kore shar. Matar maƙwabcinmu, wadda shekara guda ba ta taɓa amsa gaisuwata ba, ta leƙo ta kan shinge tana tambayar yadda aka yi. Baba Mendel ya nuna ni da haɓa ya ce, "Tambayi injiniya." Ranar ƙasa ba ta ɗauke ni ba don daɗi.

Sai ruwa ya zo. Da la'asar ne, iska ta fara kaɗa labule, sama ta yi baƙi, ƙanshin ƙasa ya tashi irin wanda na sani tun ina goye. Na fita tsakar lambun da singileti na tsaya ya dake ni son ransa, tsohon yana bakin ƙofa yana kiran in shigo kafin in mutu. Amma ruwan Ingila ba ya da kunya. Da ya fara sai ya ƙi tsayawa, Satumba duka a jiƙe muka yi ta, takalmi ba ya bushewa, bango yana gumi.

Cikin wannan damshin ne na shiga ɗakin ajiya neman wani abu, na tarar da shi tsaye yana shafa waɗansu dogayen sanduna da allunan katako da aka jingine a lungu. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce na bukka ne. Bayan babban azuminsu da kwana biyar suna da idi na kwana bakwai, kowane gida ya kafa bukka a waje, a ci abinci a ciki, a gode wa Allah don amfanin gona, a kuma tuna da kakanninsu da suka yi shekara arba'in a jeji ba su da gida. Na ce, "Idin Bukkoki! Ashe har yanzu ana yi?" Ni a karatun coci na san shi, na ɗauka ya wuce tare da annabawa.

Ya ce, "Ana yi. Ni ne dai ban yi ba. Shekara biyu ke nan tun da matata Rifka ta tafi hannuwan nan suka ƙi. Bana ma haka zan wuce."

Na ce, "Haba Baba! Bukka? Ka san ko ɗan wa ka ajiye a gidanka?"

Ya yi azuminsa, yini da kwana ko ruwa bai kurɓa ba, tsoho mai shekara saba'in da wani abu. Washegari ƙirjinsa ya kama, ya kwanta. Na ce ya huta, kada ya leƙo sai na kira shi. Na ƙaurace wa makaranta kwana uku. Na kafa sandunan, na jera allunan bango uku kamar yadda ya kwatanta mini. Rufin kuwa ban tambaye shi ba. Me zan tambaya? A rufi aka haife ni. Ciyawar nan da na tara tun Agusta tana nan a bushe tuli guda. Na zauna na yanta ta da igiya, layi-layi, yadda mahaifina yake yi. Na ɗaura tanka, sandunan da ke riƙe ciyawar, na ba rufin gangare, na fara baibaya daga ƙasa zuwa sama, hawa uku, kowane hawa yana rufe bakin na ƙasansa. Yatsuna suka farfashe, sanyi yana shiga ciwon, ni ko waƙa nake yi. Da na gama na hau tsani na juye bokiti biyu a kai, na sauko na shiga ciki na duba. Ko ɗigo. Na ce a raina, yau Landan za ta ga jinkar Zazzau.

Ranar Juma'a da hantsi, ranar da idin zai shiga da faɗuwar rana, na riƙo hannunsa na fito da shi. Ya shiga ciki, ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallo. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, hawaye na bin kumatunsa.

Ya ce, "Yakubu, tun da nake ban taɓa ganin rufi mai kyan wannan ba. Kuma ba zan iya cin ko loma ɗaya a ƙarƙashinsa ba."

Na ce, "Saboda me?"

"Gida ka gina mini. Rufin bukkar idi dole a hangi sama ta cikinsa. Inuwa ta fi rana yawa, amma in an yi ruwa ya samu hanyar shiga."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Baba, a garinmu wanda jinkarsa ta yi yoyo, matarsa ce ke fara yi masa gori kafin gari ya ɗauka. Kwana uku na yi a kan abin nan! Wane irin idi ne kuma ke son yoyo?"

Ya zauna a kan akwatin katako yana maida numfashi. Ya ce, "Shekara duka muna ƙarƙashin rufin da muka gina, har mu ɗauka shi ke tsaron mu. To kwana bakwai sai a fito da mu, a ce ku zauna inda iska ke shiga, ku tuna wa ya tsare kakanninku a jeji. Rana tana tafiya, ɗana. In ta faɗi ba a taɓa komai."

Ɗana ya ce. Bai taɓa kira na haka ba sai ranar.

Na hau tsanin nan kamar mai zuwa yanka akuyar da ya yi kiwo. Na sa wuƙa na yanke igiyar da na ɗaura da hannuna, na zare hawa na sama gaba ɗaya, na zare na biyu. Yana ƙasa yana ɗaga kai yana cewa, "Ƙara. Nan ma ƙara." Na riƙa cusa hannu ina buɗe ciyawar har haske ya zubo masa a fuska ɗigo-ɗigo. Da ya ce ya isa, sai ya sa na miƙo masa dami ɗaya, ya ɗaga da kumburarrun hannuwan nan da kansa ya ɗora a gefe, don a ce shi ma ya sa hannu. Muka rataye tumatir da kokwamba da tuffa na lambunmu da zare. Kafin rana ta faɗi ya sa farar riga, ya shiga bukkarsa, ya yi addu'arsa da harshensu.

Kwana bakwai muna cin abinci a ciki, kowa da kwat ɗinsa, shi har da bargo a gwiwa. Miyar kaza da burodinsu mai kitso, wani lokaci kifi. In yayyafi ne mu zauna, in ya yi ƙarfi har yana ɓata miya ya ce an yarda a shiga gida. Sanyi yana shigowa ta ko'ina, ciyawar tana ƙanshi, tsohon nan kuwa ya koma kamar yaro, yana ba ni labarin bukkar babansa da yadda Rifka take faɗa in ya rataye tuffa a karkace.

Ni kuwa abincin ba ya wuce mini da daɗi. An riga an gaya mini kafin Kirsimeti za a mai da ni wata ma'aikatar ruwa can arewacin Ingila in ƙarasa karatuna, wato zamana a gidan ya kusa ƙarewa. A makon nan kuma wasiƙar mahaifina ta iso, tana aljihun kwat ɗina, da layin nan nata na ƙarshe. Wata da watanni ina shirya wa'azin da zan yi wa Baba Mendel in rana ta zo, aya a kan aya, na jera su tsaf ba inda zai kuɓuce. Amma na yi alkawari, kuma ina ƙaunar mutumin nan.

Rana ta bakwai da tsakar rana muna zaune ana yayyafi, sai ya ce gobe za su fara roƙon ruwa. Na dubi ɗigon da ke sauka a hannun rigata na ce, "Baba, a rage roƙon nan haka." Ya yi dariya ya ce ba don Ingila ba ne. Ya ce a zamanin da, a Urushalima, kowace safiya ta idin nan sai a ɗebo ruwa a kai Haikali a zuba, jama'a suna murna suna roƙon damina mai albarka.

Daidai wurin nan ne kuwa wa'azina ya fi ƙarfi. Na sunkuyar da kai na cika bakina da burodi.

Ya ajiye cokali. Ya ce, "Yakubu, shekara guda da wani abu kana haɗiye wata magana a teburina. Ina ganin maƙogwaronka yana hawa yana sauka."

Na ce, "Na yi maka alkawari, Baba."

Ya ce, "Ka kuma cika shi, na gani. A gidana na ce. Ga gidana can, da rufinsa. Nan kuwa ni ma baƙo ne kamar kai. Faɗi abin da ke bakinka."

Ka san ayoyin nan da na jera? Ko ɗaya ban samu ba. Duk suka watse. Na ji ina magana kamar yaron da aka tsayar a gaban aji.

Na ce, "Baba, mu mun gaskata Allah bai tsaya daga sama yana kallon masu bukka ba. Ya sauko ya kafa tasa a tsakaninmu, jiki irin namu, mai jin yunwa, mai jin sanyi, wanda ruwa ke duka. Yesu ke nan. Ɗan kabilarku ne, ya yi idin nan kamar yadda kake yi. A ƙarshen idin, bayan zuba ruwan nan da ka faɗa, ya miƙe a cikin taro ya kira duk mai ƙishi ya zo wurinsa. Ni na san ƙishi, Baba, na kuwa je, ban dawo haka ba. Iyakar abin da na sani ke nan. Waɗanda suka ƙone unguwarku kuma, ina jin kunyarsu har raina. Ban san wa suka bi ba, amma ba shi ne ya aike su ba."

Na zauna ina jiran a ce in haɗa kayana. Ruwa yana ɗiga a kan tebur tsakaninmu. Ya cire tabarau ya goge da gefen bargo, ya mayar.

Sannan ya ce, "Ban yarda ba. Ni ina jiran mai ceton da nake jira, a kan haka kuma zan mutu." Ya miƙo hannu ya dafa nawa, daidai inda ciyawa ta farfasa. "Amma yau ce rana ta farko da aka ambaci sunan nan a gabana ban ji ƙaurin hayaƙi ba. Sha miyarka, ruwa yana ƙara ta."

Na sha, hawaye na zuba a ciki, shi kuma ya yi kamar bai gani ba.

Na bar gidan kafin Kirsimeti kamar yadda aka tsara. Kaka biyu da suka biyo baya na hawo jirgin ƙasa na zo na kafa masa bukkarsa, da huda da komai, ba sai an gaya mini ba. Kafin ta ukun ya rasu, a kan addininsa, ɗansa ya aiko mini da takarda.

Amma tun a makon idin nan na farko na zauna na rubuta wa mahaifina. Ban yi labarin yanayi ba. Na ce, "Na gaya masa. Bai karɓa ba, bai kuma kore ni ba." Sannan na ba shi labarin jinkar daga farko har ƙarshe, don ban iya ɓoye masa abu ba. Amsar ta yi wata guda kafin ta iso, tana nan a akwatina har yau, takardar ta yi laushi kamar tsumma. Ya ce, "Ka sauke abin da na ɗora maka, Allah ya yi maka albarka. Na karanta wa mahaifiyarka sau uku. Maganar jinka kuwa, kada kowa ya ji a garin nan cewa ɗana ne ya huda ta."

Har ya koma ga Ubangijinsa ban gaya wa kowa a garin ba. Na koma gida na yi aikin ruwa shekara da shekaru, na baibaye ɗakuna a ƙauyenmu waɗanda har na dawo ƙasar nan wurin 'ya'yana ba su taɓa ɗiga ba. Amma ka yi haƙuri, mahaifina, yau na faɗa. Duk cikin jinkar da na taɓa yi, wadda nake ɗaga kai in ce ni na yi ta, ita ce wadda ta yi yoyo.